Asalin sunan Cholmondeley

Malam, ka tambaya daga ina sunan Cholmondeley ya fito, kuma me ya sa ba ka cika jin sa ba. To da farko dai ba yadda ake rubuta shi ake kiransa ba, su Turawan Ingila "Camli" kawai suke cewa, rabin haruffan duk hadiye su suke, ni ma wallahi ranar da na fara ji sai da na sake duba rubutun.

Asali sunan ƙauye ne a yankin Cheshire na Ingila, yana cikin kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086, an rubuta shi Calmundelei. Ma'anarsa a tsohon Turanci filin da aka share a daji na wani mutum Ceolmund, sai masu ƙasar wajen suka ɗauki sunan garin ya bi zuri'arsu, kamar dai yadda muke cewa Shehu Shagari. Shi ya sa ba su da yawa, tushensu ƙauye guda ne. Gidan sarauta ne kam, a 1815 aka ba su sarautar Marquess, kuma har yau gidan Houghton Hall na Norfolk, wanda Robert Walpole, Firayim Ministan Birtaniya na farko, ya gina, yana hannunsu.