Zogale a Maganin Sinawa: Likita na Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ana sayar mana da garin zogale a kwalba, wai daga ƙasar Sin, wai tsohon maganinsu ne. Ya fi namu ƙarfi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Bai fi ba, Malam. Itace ɗaya ne da na bayan gidanka. Asalinsa arewacin Indiya ne, gindin tsaunukan Himalaya, kuma masu maganin gargajiyar can suka fi daɗewa da saninsa. A Sin baƙo ne. Suna ce masa "lamu", wato itace mai yaji, saboda yajin saiwarsa, kuma a kudu mai ɗumi ake nomansa, irin su lardin Yunan da tsibirin Hainan. A 2012 ma'aikatar lafiyarsu ta amince da ganyensa a matsayin abinci. Ka lura, abinci. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli zai ba ka sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A, kuɗinka na aljihunka.

Tambaya: Ina da ciwon suga. Na ji Sinawa na tauna 'ya'yan zogale. In na fara, zan iya ajiye ƙwayoyina? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Don Allah Hajiya, kada ki ajiye. Gaskiya ne Sinawa na ɓare 'ya'yan zogalen su tauna, da ɗan ɗaci, in an kora da ruwa sai baki ya yi zaƙi. Wannan zaƙin ne ke sa wasu su ɗauka magani ya kama, alhali ba ya nuna komai game da jininki. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ganyen na iya ɗan rage suga, amma bai kai ya tsaya a madadin ƙwayar maganin suga ta metformin ko allurar insulin ba. Abin da ke tayar min da hankali shi ne mutum ya bar magani yana jin garau, suga na cin ƙoda da ido a ɓoye. Ki ci ganyen a miya, ki riƙa gwada suga, ki kuma gaya wa likitanki, domin haɗa shi da magani na iya sauke suga fiye da kima: rawar jiki, gumi, jiri. 'Ya'yan kuma in sun yi yawa suna sa gudawa.

Tambaya: Matata na da juna biyu, an ba ta jiƙon saiwar zogale. Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Kada ta sha, ɗan'uwa. Saiwa da sassaƙen zogale na iya tayar da mahaifa har a yi ɓari. Dafaffen ganye a abinci ba laifi. In ta riga ta sha, kuma ta ga jini ko mara na murɗa mata, ka kai ta asibiti yau.