Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Yaro, shekara biyu kana zaune a shagon sayar da tikitin jirgin nan, sai yau kake tambaya ta awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda? Nisan ya kai kusan kilomita 3,400, jirgin da bai ya da zango ko'ina ba, in ya bi miƙaƙƙiyar hanya ba kewaye, yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan ko mai shayin bakin titi ya sani. Abin da ke cin mutum shi ne agogo: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke jikin tikiti na garin da jirgin ya sauka ne.

Wannan awa biyun ita ta raba ni da filina. Wani Alhaji ne ya kawo mini mutum 14 za su Umarar azumi. Jirginsu zai bar filin Malam Aminu Kano ƙarfe goma na dare. Ya ce lallai in yankar musu jirgin Jidda zuwa Madina na ƙarfe shida na safe. Na ce Alhaji, goma da biyar uku ne a agogonmu, a can biyar ta yi, ga layin biza, ga jiran kaya, awa ɗaya ba za ta isa ba. Ya ce shi ya je sau tara, yaushe aka haife ni. Na ji kunyar furfurarsa na yanka, ban sa shi ya sa hannu a takarda ba.

Suna kan layi jirgin ya tashi. Tsofaffi da ƙishirwar azumi, suka wuni a ƙasa. Da suka dawo sai ga Alhajin nan a gaban mutane yana rantsuwa da Allah wai ni na zaɓi jirgin, shi bai san komai ba. A gabana! Na biya sabon tikiti na mutum 14, na biya kuɗin masaukin da ba su kwana ba, filin da na yi shekara shida ina tara wa kuɗi ya tafi. Har yau in na hango shi a masallaci sai na canza sahu.

Ku yaran yanzu da an yi tambaya sai ku zaro waya, abin da ta faɗa shi ke nan. Wayar ta gaya maka tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jiragen alhazai suka koma kewaye, tafiyar ta ƙaru? Kafin ka buɗe baki ka duba hanyar da jirgin zai bi ranar. Kada ka haɗa wa kowa jirgi biyu a Jidda in babu awa huɗu tsakani. Wanda ya matsa, miƙa masa biro ya rubuta da hannunsa.

Tashi ka ɗauko fasfon matar nan da ke jira tun ɗazu.