Amsa ga ɗiyata game da ibadun masu masaukinta a Chennai

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, saƙonki ya iso, kuma na ga tambayar da kika yi game da gidan mabiya addinin Hindu da kika sauka a Chennai, a kudancin Indiya. Kin ce uwar gidan takan tashi da asuba ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta yi zane da farin gari a ƙasa, kuma akwai wani ɗan ɗaki da aka jera gumaka da hotuna inda take kunna fitila safe da magariba, tana kaɗa ƙararrawa, tana ajiye abinci. Kin ce yaran gidan sukan sunkuya su taɓa ƙafafun kakarsu idan za su tafi jarrabawa. Kina son sanin abin da suke nufi da waɗannan abubuwa, da kuma yadda za ki yi idan an miƙo miki abincin da aka ɗauko daga gaban gunki. Zan gaya miki abin da na sani daga zaman da na yi da malaman Indiya da muka koyar tare a shekarun 1970 da 1980, lokacin da suke da yawa a makarantun sakandaren Arewa suna koyar da lissafi da kimiyya, da kuma abin da na karanta daga baya. Zan bayyana miki shi yadda su masu addinin suke fahimtarsa, domin wanda yake kwana a gidan mutane ya kamata ya san su daga bakinsu.

Tunani guda ne yake ƙarƙashin mafi yawan abin da kike gani, wato mabiyin addinin Hindu yana ɗaukar abin bautarsa a matsayin babban baƙo da ya sauka a gidansa. Ibadar da suke kira puja, idan an yi ta cikakkiya, hidimomi goma sha shida ce a jere: a gayyaci baƙon, a ba shi wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa da na wanke hannu da na kurkure baki, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a shafa masa ƙamshin itacen sandal, a kawo furanni da turaren wuta da fitila da abinci, a miƙa masa ganyen taunawa na bayan cin abinci, a kewaye shi, a durƙusa, a sallame shi. Idan kin tuna yadda ake karɓar baƙon girma a gidan kakanki, daga shimfiɗa tabarma da kawo ruwan sha har zuwa miƙa goro da yin rakiya, to kin riga kin gane tsarin. Matar gida mai ayyuka ba ta yin duka goma sha shidan kullum. Takan taƙaita a kan biyar, wato ƙamshi da fure da turare da fitila da abinci. A manyan wuraren ibada kuwa ana bin wannan tunani har ƙarshensa, domin a Tirupati, da ke jihar Andhra Pradesh maƙwabciyarku, tun kafin asuba ake tada abin bautar da waƙa, da dare kuma a yi masa hidimar kwanciya kafin a rufe ƙofa.

Na san tambayar da take bayan tambayarki, wato ko dutsen da ƙarfen suke bauta wa. Amsarsu ba ɗaya ba ce, kuma bai kamata a matse ta ta zama ɗaya ba. Da yawa daga cikin masu iliminsu suna cewa hakikar da ke bayan komai guda ce, wadda suke kira Brahman, kuma Vishnu da Shiva da Lakshmi da sauransu fuskokinta ne. Suna kafa hujja da wani baiti na Rig Veda, mafi tsufan littattafansu, mai cewa gaskiya ɗaya ce, masu hikima ne suke kiranta da sunaye dabam-dabam. Malaminsu Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa siffa taimako ce ga zuciyar da ba ta iya riƙe abin da ba shi da siffa. Ramanuja, wanda aka haifa a Sriperumbudur, garin da ba shi da nisa da inda kike, ya tafi a kan cewa Ubangiji yana da siffofin kamala, kuma mabiyansa suna ganin yana sauka cikin gunkin da gaske saboda tausayin bayinsa, bayan an yi bikin shigar da rai a cikinsa. Akwai kuma ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, da ta ƙi bautar gumaka gaba ɗaya. Wannan bambanci tsakanin fahimtar malamai da ta gama-gari ba sabon abu ba ne a idon Musulmi, domin Al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya yi bayaninsa. Mu dai aƙidarmu a fili take: Allah ba ya sauka cikin abin da hannu ya sassaƙa, kuma ba a sanya tsani tsakaninsa da bawa a wajen bauta. Sanin abin da suke nufi ba ya rage komai daga wannan, sai dai yana hana ki faɗin abin da ba su faɗa ba.

Fitilar da kika ambata tana da ma'ana fiye da haskaka ɗaki. Suna ɗaukar duhu alamar jahilci, haske kuma alamar sani, shi ya sa ake kunna ta a mahaɗar dare da rana, lokutan da suke ganin sun fi dacewa da addu'a. A ƙarshen ibada ana kewaya wutar a gaban fuskar gunkin domin a gan shi sosai, saboda a wurinsu ganin abin bauta da kuma shi ya gan ka, abin da suke kira darshan, shi ne zuciyar ziyara. Za ki lura cewa idanun gumakansu manya ne a buɗe. Sau da yawa kafur suke ƙonawa a wannan lokaci, kuma sun zaɓe shi ne domin yana cinyewa ƙurmus ba ya barin toka, suna fatan son kai da girman kai su ƙone haka a gaban Ubangiji. Daga nan kowa ya ɗora tafukansa bisa wutar ya shafa a ido da ka. Ƙararrawar kuwa sanarwa ce ga baƙon cewa an iso, kuma tana tattaro hankalin mai ibada daga hayaniyar gida. Kwakwar da ake fasawa ita ma ana fassara ta da fasa taurin zuciya.

Abincin da aka miƙa, idan ya dawo, sunansa prasad, kuma suna ganin ya zama ragowar da baƙon ya sa wa albarka, don haka ba a hana kowa shi, ba a zubar da shi. Ba yawansa ake dubawa ba, domin a babi na 9 na littafinsu mai tsarki Bhagavad Gita, abin bautarsu Krishna yana cewa duk wanda ya miƙa masa ganye ko fure ko ɗan itace ko ruwa da ƙauna, zai karɓa. Saboda haka idan matar ta kawo miki, abin da ta fi daraja shi a gidan ne ta kawo.

Zanen ƙofar gida, wanda Tamilawa, mutanen yankin da kike, suke kira kolam, shi ne abin da ya fi burge ni a cikin al'adun kudancin Indiya. Maraba ce ga Lakshmi, wadda suke danganta wa arziki da wadata, amma asalinsa da garin shinkafa ake yi domin tururuwa da tsuntsaye su ci. Wannan yana da tushe a koyarwarsu cewa magidanci yana da farillai biyar kowace rana: ga alloli, ga magabata, ga ilimi ta hanyar karatu, ga baƙi, da kuma ga sauran halittu. Ke nan matar tana ciyar da mafi ƙanƙantar halitta kafin ta ɗora tukunyar kanta, kuma ta san ƙafafun masu wucewa za su shafe zanen kafin azahar, gobe ta sake wani. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, a watan da suke kira Margazhi, za ki ga zanen ya girma ya cika titi har zuwa bikin girbi na Pongal. Gidan da aka yi rasuwa ba a yin zane a ƙofarsa sai an gama zaman makoki, don haka idan kin ga ƙofar maƙwabta fayau bayan kullum ana yi, ki tambaya ko lafiya.

Alamar goshi takan nuna ɗariƙar mutum. Layuka uku na farar toka a kwance na mabiya Shiva ne, tokar kuma tunatarwa ce cewa jiki toka zai koma, tun da ƙona gawa suke yi; layukan da suke tsaye na mabiya Vishnu ne. Shukar tulsi da ake dasawa a tsakar gida, wadda 'yar'uwar ɗaɗɗoya ce, ita ma da Vishnu ake danganta ta, ana ba ta ruwa ana kunna mata fitila, kada ki tsinki ganyenta don shayi ba tare da izini ba.

Taɓa ƙafar tsofaffi yana fitowa daga wata koyarwa ta littattafan Upanishad da take umartar ɗalibi ya ɗauki uwa da uba da malami da baƙo kamar abin bauta. Yaro yana kai kansa, mafi ɗaukakar jikinsa, zuwa ga mafi ƙasƙancin jikin babba, shi kuma babba ya dafa kansa ya sa masa albarka. Saboda ƙafa ce mafi ƙasƙanci, idan ta taɓa littafi bisa kuskure za ki ga sun taɓa littafin sun kai hannu ido, domin a wurinsu ilimi na abar bautarsu Saraswati ne. A rana ta tara ta bikin Navaratri ma ɗalibai sukan ajiye littattafansu a ɗakin ibada, direbobi da masu sana'a kuma su wanke motoci da kayan aiki su sa musu furanni.

Ba zan ɓoye miki cewa damuwar da suke yi da tsarki da ƙazanta tana da mummunar fuska ba. Da ita aka ware miliyoyin mutane aka ce taɓa su ƙazanta ne, aka hana su rijiya da wurin ibada, har kundin tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta hakan a sashe na 17, kuma gyauronsa bai ƙare ba. Mabiya Hindu da yawa sun yaƙi wannan zalunci da hujjar addininsu, suna cewa wanda ya yarda rai ɗaya ne a cikin kowa ba shi da bakin ƙyamar wani.

Game da yadda za ki yi, ki cire takalmi a ƙofa, ki karɓi abu da hannun dama, kada ki shiga ɗakin ibadarsu, kada kuma ki shigo da nama gidan sai kin tambaya, naman shanu kuwa ko kusa. Ba sai kin sunkuya ga ƙafar kakar ba. Ki dafa ƙirjinki ki gaishe ta da ladabi, ki riƙe mata kaya idan ta ɗauko. Abincin da aka miƙa wa gunki shawarata ki bar shi, amma kada ki jira sai an miƙo miki a gaban jama'a. Ki sami matar ita kaɗai ki gaya mata cewa kin san darajarsa a wurinta, addininki ne bai ba ki damar ci ba, kuma za ki yi murna da abin da aka ɗebe miki daga tukunya kafin a kai ɗakin ibada. Wannan ba zai zama baƙon zance gare ta ba, domin ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari na mutanen Indiya, kuma a Triplicane, cikin Chennai ɗin nan, akwai babban masallacin Wallajah da aka gina tun 1795. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ta ba mu damar kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, don haka idan azumi ya zo ki ɗiba musu dabino da abin buɗa-baki marar nama, ki kuma bayyana wa yaran dalilin da ya sa kike tashi sahur.

Ki gaida masu masaukin naki. Kawunki.