Inabin kan dutse mai aman wuta da namu na Hunkuyi

Auwalu naga saƙonka tun jiya da daddare, wai ka kalli bidiyon wani bature ɗan Italiya mai ƴar gonar inabi a gangaren dutse mai aman wuta, ba ya zuba takin zamani, ba ya saka komai a ruwan inabinsa, shine kake tambaya "Oga me zai hana mu ma mu daina feshi da taki mu bar wa Allah?" Toh bari in amsa maka a rubuce tunda in muna gona ba ka tsayawa ka saurara.

Da farko dai mutumin nan giya yake yi da inabinsa, mu kuma ba ruwanmu da wannan, namu na ci ne, kwando kwando ake lodawa zuwa Kaduna da Kano da Abuja. Amma noma noma ne, ko a wurin wa ka gani ka duba. Dutsen da ka gani sunansa Etna, yana tsibirin Sisili, tsayinsa ya haura mita 3,300 kuma har yau yana aman wuta. Gonakin suna can gangare, wasu sun kai mita 1,000 sama, inda rana ke da zafi dare kuma sanyi, kuma iska ba ta tsayawa. Ƙasar baƙa ce, toka da tsakuwa da yashi, in ruwa ya sauka nan take ya shige ƙasa ba ya kwanciya a gindin shuka. Inabi kuwa ba abin da ya tsana kamar ƙafarsa ta zauna cikin ruwa, kai shaida ne, ka tuna layi biyun nan na bakin kwari da suka yi rawaya a watan Agusta muka yi ta fama.

Wannan yashin ne ma ya cece su. Akwai wani ɗan ƙwaro filoksera da ya shigo Turai daga Amurka wajen 1860 da ƴan kai, yana cin saiwa, ya kusa gama da gonakin Faransa kaf, sai da aka koma aura inabin Turai a kan saiwar na Amurka. Amma ƙwaron ba ya iya rayuwa sosai a ƙasa mai yashi, shi yasa a Etna zaka tarar da kuranga mai shekara sama da 100 tana kan saiwarta ta asali. Irinsu ja sunansa Nerello Mascalese, farin kuma Carricante, ba rumfar waya suke yi irin tamu ba, kowace kuranga gajeriya ce an ɗaure ta jikin turke ɗaya. Kai mu gwada turken icce a nan, kafin damina ta fita gara ta gama da shi.

Yanzu maganar "ba ya saka komai". Abin da ake nufi shine wurin haɗawa, ba ya sayen yis na leda, akwai yis a jikin ɓawon inabin da cikin ɗakin da yake aiki, shi ke cinye sukarin ya tsima ruwan, kamar dai yadda kullun waina ke tashi in an bar shi ya kwana. Amma a gona fa yana feshi! Yawancinsu farar wuta suke fesawa da maganin jan ƙarfe, shi na jan ƙarfen tsohon haɗi ne tun wajen 1885 ake amfani da shi saboda funfunar ganye. Kuma duk da haka a 2023 da ruwa ya yi yawa a bazararsu funfunar nan ta yi musu mummunar ɓarna a Sisili. Su kenan da ruwansu na sauka lokacin sanyi, inabi na nuna cikin rani, sai Oktoba su tsinke. Mu fa wata biyar cur ruwa na dukan ganye ga zafi ga laima, shi yasa muke yi wa kuranga aski, wato yanke rassa, sau biyu, ɗaya bayan girbi ɗaya ƙarshen damina don ƴaƴan su zo cikin hunturu a bushe. Ka daina feshi a Yuli wallahi sati biyu zaka juya ganye kaga fari fat a ƙasansa kamar an barbaɗa gari, daga nan sai zubewa.

Ni ma na taɓa wannan gangancin, shekarar da na fara, na bar layi huɗu ban taɓa su ba wai ina gwaji, ko kwando ɗaya ban cire ba, mai ɗakina har yau tana min dariya.

Abin da zaka ɗauka wurin baturen nan ba barin aiki bane, ka sake kallon bidiyon ka duba hannunsa, duk kanta. Katangar dutsen nan hawa hawa da hannu aka jera ba siminti, tarakta ba ta hawa wurin, fartanya ce da ƙafa, kuma kowace kuranga ya santa kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa. Wannan kam zamu iya. Mu rage buhun taki mu ƙara kashin shanu da ya ruɓe, mu rage ganye iska ta ratsa rumfa, mu rage nonon inabin da ya yi wa reshe yawa ko da yana maka ciwo a rai, kuma feshi sai an duba an ga dalili ba don maƙwabci ya ɗauko famfo ba. In kuma baƙar ƙasar ce ta ba ka sha'awa akwai irinta a Filato wajen Panyam da Kerang da kuma Biu ta Borno, wata rana ma je ka damƙa da hannunka.

Gobe ka zo da wuri da almakashi, ragar layin gabas ta yage jemagu sun fara shiga, kuma ka biya ka karɓo man injin ban ruwa.