Amfanin diclofenac da yadda yake aiki a jiki

'Yar'uwa, kin ce likita ya rubuta wa Mama diclofenac saboda ciwon gwiwa, kina son sanin aikinsa da bambancinsa da farasitamol.

Idan gaɓa ta samu matsala, jiki yana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin. Shi ne ke kawo kumburi da zafi da raɗaɗi. Diclofenac yana toshe sinadaran COX-1 da COX-2 da ke haɗa shi, sai kumburin ya sace, ciwon ya lafa. Farasitamol kuwa yana rage ciwo da zazzaɓi, amma bai cika taɓa kumburi ba. Shi ya sa ake ba da diclofenac don amosanin gaɓɓai, targaɗe, ciwon mara, ciwon haƙori da raɗaɗin bayan tiyata.

Sai dai furostagilandin ɗin nan shi ne kuma ke kare bangon ciki daga asid, yana taimaka wa jini isa ƙoda. Saboda haka maganin na iya jawo gyambon ciki, ya ɗaga hawan jini, ya wahalar da ƙoda da zuciya, musamman ga dattijai irin su Mama. A ganina nan ne ya fi kamata ki sa ido. Ta sha bayan cin abinci, kada ta haɗa da ibuprofen, kada ta wuce abin da aka rubuta. Babba ma ba ya wuce miligiram 150 a rana.

In kin ga bayan gidanta ya yi baƙi wuluk, ko ƙafafunta sun kumbura, ta dakata da shi ku koma wurin likita ranar.