Amsa ga 'yar'uwar da aka ga ƙari a ƙwaƙwalwar mahaifinta

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce Baba ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, aka yi masa hoton kai, likita ya ce akwai ƙari a ƙwaƙwalwa, kina son sanin ko ciwon daji ke nan. Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar Ummanmu a kan wannan larura, na san irin tashin hankalin da kike ciki.

Kalmar ƙari ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Abin da likitoci ke nufi da ita shi ne wasu ƙwayoyin halitta sun yi ta hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba har suka zama dunƙule. Irinsa ya haura 100, wani daji ne, wani kuwa ba daji ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su mataki 1 zuwa 4. Na mataki 1 a hankali yake girma, sau da yawa tiyata na raba mutum da shi. Na mataki 4, irin su giliyobilastoma, shi ne mai saurin yaɗuwa cikin naman ƙwaƙwalwa, shi ake haɗa wa tiyata da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji.

Na Umma da ciwon kai ya fara, mai tsanani da asuba, wani lokaci har da amai. Muka ɗauka hawan jini ne. Sai hannunta na hagu ya soma sakin abu, kofi ya suɓuce, cokali ya faɗi. Abin da ya fi damuna har yau shi ne sauyin halinta. Mace mai haƙuri ta koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, mu kuma muna cewa tsufa ne, har muna jin haushinta. Ashe ƙarin ne ke danne gaban ƙwaƙwalwarta ta ɓangaren dama, shi ya sa hagu ya yi rauni, don kowane ɓangare kishiyarsa yake sarrafawa a jiki.

Da aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI aka ce ya yi kama da meninjiyoma, wanda ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma galibinsa ba daji ba ne. Don murna na tambayi likita ko za a iya ƙyale shi. Ya ce ƙanana da ba sa damun mutum akan bar su ana bibiya da hoto, amma nata ya wuce nan. Ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa ya ba baƙo wuri, duk abin da ya girma a ciki ƙwaƙwalwa yake matsewa. Ki riƙe wannan sosai: ko an ce muku ba daji ba ne, wurin da yake da girmansa na iya sa ya zama haɗari.

Hoto hasashe yake bayarwa. Tabbacin irinsa da matakinsa sai an gutsuri naman an duba a ɗakin gwaji. Nata mataki 1 ya fito. Kafin tiyata an ba ta deksametason don rage kumburi, cikin 'yan kwanaki ta ji sauƙi har wasu 'yan'uwa suka ce a fasa aikin. Kada wannan sauƙin ya ruɗe ku, kumburin ne ya sauka, ƙarin yana nan. Maganin kuma yana ɗaga sukari, a riƙa aunawa.

Idan suka ce za su yi wa Baba hoton ƙirji da ciki, kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. A wurin manya, sau da yawa ƙarin daga wani wuri ya taso, kamar huhu ko ƙoda ko hanji, ya bi jini ya hau kai, maganinsa kuma daban ne.

Ranar ganin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ki tafi da takarda da biro. Ki tambaye shi wane iri yake zato, a ina yake zaune, za a iya cire shi duka ko wani sashe, kuma me zai faru idan aka jinkirta. Ni sai da na rubuta nake iya tuna abin da aka faɗa mini.

Kafin nan, maganin farfaɗiyar da aka ba shi kada ya tsallake ko sau ɗaya, kuma ya dakata da tuƙi. In jijjigar ta dawo, ku kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, in ta wuce minti 5 ku garzaya asibiti. Umma tana nan da ranta, hannun bai koma daidai kamar da ba, amma haƙurinta ya dawo, muna kuma zuwa hoto lokaci zuwa lokaci don akwai wanda kan sake tsirowa. In sakamakon Baba ya fito ki sanar da ni, muna yi masa addu'a.