Zan bar gefen gadon majinyaci in koma jinya ta waya: me zan tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce, na shekara tara a ɗakin yara na wani asibiti a Garwa, Kamaru. Aikin dare ya gajiyar da ni, ga ciwon baya, ga 'ya'ya uku. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin bibiyar marasa lafiya ta waya daga gida. Ina fargabar in manta aikin hannu, kuma ina tsoron in cutar da wani ban gan shi ba. Me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fargabarki ta farko mai sauƙi ce. Hannun da ya shekara tara yana neman jijiyar jarirai ba ya mantuwa da wuri, kuma idan kin samu a bar ki kina leƙa asibiti kwana biyu a wata, ya wadatar. Ta biyun ce nake so ki riƙe da kyau.

A ɗakin yara, tun kafin uwa ta buɗe baki kin ga ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa, kin duba tafin hannunsa ya yi fari, kin tsunkuli fatar cikinsa kin ga ba ta koma da sauri ba. A waya duk wannan ya tafi, bakin uwar kaɗai ya rage miki, ita kuwa sau da yawa "jikinsa da zafi" kawai za ta ce. Saboda haka ki koyi aron idonta: ki sa ta ɗaga rigar yaron, ta riƙa cewa "ɗaya" duk lokacin da cikinsa ya taso, ke kina duban agogo har minti guda ya cika. Numfashi 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, yana nufin numfashin ya yi sauri fiye da kima, kuma ma'anarsa ba ta canja ba don kina gida.

Kuskuren da nake cin karo da shi kullum, wanda kuma yake ƙona mini rai, shi ne zaton cewa jinya ta waya tana nufin rubuta magani ta waya. Daga Marwa har Ngaundere an cika da masu kiran kansu "dokta" a WhatsApp, a turo musu murya ta daƙiƙa talatin ko hoto mai duhu, su yanke hukuncin "maleriya da taifot", su lissafo allurai a je kasuwa a sayo. Wata shekara cikin zafin Maris aka kawo mana yarinya wuyanta a sanƙare, ta kwana uku ana ɗirka mata maganin da aka rubuto ta waya, alhali sanƙarau ne. Babu wanda ya tambayi uwar ko yarinyar tana iya sunkuyar da kai. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, gwajin nan ba ya wuce minti 20, kuma babu wayar da take yin sa. Za a matsa miki, ki sani. Uba zai ce kuɗin babur zuwa asibiti ya fi ƙarfinsa, ki taimaka ki faɗi sunan magani kawai, kuma tausayi zai kama ki domin gaskiya yake faɗa. Amma yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, amsarsa ɗaya ce: a kai shi yanzu. Haka mai ciki da ke kukan ciwon kai tana gani dishi-dishi. Aikinki ki tantance wa zai jira gobe, wa zai tashi a daren, sannan ki sake kira ki tabbatar sun isa.

Kafin ki sa hannu a takarda, ki nemi ƙa'idojin aiki a rubuce da sunan likitan da za ki miƙa wa abin da ya fi ƙarfinki, ki kuma tabbatar rajistarki da ONPMS, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a Kamaru, tana nan daram, duk da na san zirga-zirgar ofis da hakan ke ci. Ki rubuta kowane kira da lokacinsa. Kada hotunan marasa lafiya su zauna a wayar da yaranki suke wasa da ita; Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, kuma amana ce tun kafin dokar.

Ki tanadi layi biyu, MTN da Orange, da batir mai cajin rana, domin idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya da rani kin san yadda wuta take yi mana. Duk tallar aikin Amurka daga gida da aka ce ki fara tura kuɗin rajista, ki share ta, domin can ba a duba majinyaci ta waya sai da lasisin da jihar da yake zaune ta amince da shi.